Ladan Baƙo a Gonar Citta

Kafin a shiga wannan magana ya kamata ƙungiya ta karanta Kubawar Shari'a 24:14-15, da Farawa 31:36-42, da Matta 20:1-16. A karanta da murya, a hankali, gama abin da za mu faɗa a nan a kansu ya ke tsaye.

Ga tambayar da ke gabanmu. Idan mai gona da ɗan ƙwadago sun yi jinga, ɗan ƙwadago kuwa ya ce ya yarda, ko yardan nan ta isa ta mai da ladan na adalci? Yawancin mutane za su ce ta isa. Za su ce ciniki ya faɗa, ba wanda ya tilasta wa wani, mutum da bakinsa ya amsa. Ni dai ina ganin Littafi Mai Tsarki bai amsa haka ba, tun ba idan ma'aikacin baƙo ne.

A Fadan Kagoma da garuruwan da ke kewaye, har zuwa Kwoi da Kachia da Kagarko, ba sai an gaya wa kowa yawan hannun da citta ta ke ci ba. Tun daga watan Afrilu da Mayu, sa'ad da a ke huɗa, a shuka, a rufe da ganye, har zuwa kaka da hunturu, sa'ad da a ke tono, a tsaga, a shanya, a ɗura cikin buhu, ba gidan da zai iya shi kaɗai in gonar ta yi faɗi. Dā gayya ce ta kan ɗauke nauyin nan: yau a gonarka, gobe a tawa, ba mai bin wani bashi sai na hannu. Yanzu yawancin aikin ya koma na kuɗi. Waɗansu 'yan ƙwadagon 'yan gari ne, waɗansu kuwa baƙi, ko 'yan cin rani waɗanda suka gama girbin gero a arewa suka gangaro neman abin kai wa gida, ko waɗanda tashin hankali ya raba su da gonakinsu. Ɗan gari in an cuce shi yana da inda zai kai kuka. Yana da kawu, yana da mai unguwa, yana da dattawan ekklesiya, mai gonar kuma zai gamu da uwarsa a kasuwa ya ji kunya. Baƙo ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Ba ya jin harshen Gwong, bai san ƙofar fada ba, ranar komawarsa kuma ta matso. Hausawa su kan ce baƙo raɓa ne, watau ba ya daɗewa, a yi haƙuri da shi. Amma akwai mai mugun lissafi wanda ya kan ji karin maganan nan ta wata fuska: tun da raɓa ce, bari in jira rana ta fito, ta tafi da bashin da ta ke bina.

Mu da aikinmu juya Littafi ne daga harshe zuwa harshe, mu kan daɗe a kan kalma guda, wani lokaci har mu gajiyad da abokan aiki. A cikin Ibrananci akwai kalma ger, wadda ta fito wajen sau 90 cikin Tsohon Alkawari. Mu kan juya ta da "baƙo", amma ba ta nufin mai ziyara wanda a ke yanka wa kaza. Ger mutum ne wanda ya bar ƙasarsa saboda yunwa ko yaƙi ko bashi, ya zauna cikin mutanen da ba danginsa ba, ba shi da gonar gado, ba shi da mai tsaya masa a wurin shari'a. Akwai kuma sakir, ɗan ƙwadago mai aikin yini. A Kubawar Shari'a 24 an haɗa su biyu cikin doka ɗaya. An ce kada a zalunci ma'aikaci matalauci, ko ɗan'uwa ne Ba'isra'ile ko baƙo, a biya shi a ranar, tun rana ba ta faɗi ba, domin ransa yana rataye a kan ladan nan. Sa'an nan aka ba da kashedi, cewa in ba haka ba zai yi kuka ga Ubangiji, abin ya zama zunubi a kan mai gona. Sai mu lura, dokar ba ta ce zai kai ƙara wurin alƙali ba, domin ta san ba zai iya ba. Inda ba mai tsaya wa mutum, nan Allah ya sa kansa mai bin bashin.

Dalilin da Attaura ta kan bayar a kai a kai shi ne, Isra'ilawa su tuna su ma sun yi baƙunci a Masar. Wannan dalili ba na Isra'ila kaɗai ba ne. Mutanen wannan ƙasa sun san baƙunci a jikinsu.

Kakanninmu da yawa sun hau tudun Jos da ƙafa, sun yi lebura a ramin kuza domin su sami kuɗin haraji. A 1942, sa'ad da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babban wurin da ta ke samun kuza domin yaƙi, sai ta juyo kan Nijeriya. Gwamnati ta umurci sarakuna da hakimai su kawo mutane tilas daga lardunan Arewa, har da lardin Zariya. Shi ne talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000. Waɗanda suka saba da zafi aka kai su cikin sanyin tudu ba bargo, ba isasshen abinci, da yawa suka mutu, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti. Ingila ta riga ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta 1930 wadda ta hana aikin tilas, amma yarjejeniyar ta bar ƙofa domin lokacin yaƙi, ta ƙofan nan kuwa aka bi. Mai karatun Littafi zai tuna da Sulemanu, wanda ya ɗebi mutum 30,000 yana aika su Lebanon, dubu goma goma kowane wata (1 Sarakuna 5:13-14). Haikali ne a ke ginawa, aiki mai tsarki, duk da haka nauyin nan da ire-irensa su ne suka tsaga mulkin a zamanin ɗansa, aka jajjefi shugaban aikin tilas har ya mutu (1 Sarakuna 12:18). Kyaun abin da a ke ginawa ba ya wanke hanyar da aka bi aka samo hannuwa.

Kafanchan kanta garin baƙi ce. Tun wajen 1927, da hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna da ta Jos a can, Ibo da Yarabawa da Hausawa da waɗansu kabilu suka zo aikin reluwe, garin ya tashi a kan guminsu. Ma'aikatan reluwe ne kuma suka ja gaba a babban yajin aiki na 1945, wanda ya yi kwana 44, da Michael Imoudu a bakinsu, domin tsadar abinci ta bar albashi a baya. A 1966 da yawa daga cikin baƙin nan suka gudu da ransu kaɗai. Ƙasashe ma haka su ke juyawa. A 1969 Ghana ta kori baƙi, 'yan Nijeriya da yawa suka dawo hannu wofi. A 1983 Nijeriya ta kori nata baƙin, mutanen Ghana wajen miliyan guda suka bi hanya da kayansu a ka. Yau kuma, wane gida ne a Kagoma ba shi da ɗa mai gadi ko mai ɗaukar bulo a Abuja, ko 'ya mai aikin gida a Kaduna ko Legas? Uwar da ke addu'a ran Lahadi a biya ɗanta kuɗinsa a Mararaba, wataƙila ita ce a ke bin ta kuɗin tsagar citta na mako uku.

Yanzu mu koma kan yarda. Lebura na ɗiban gwamna an biya shi ɗan abin da aka biya, amma ba wanda zai ce an yi masa adalci, domin dogari ne ya kawo shi. Kowa ya gane wannan. Abin da ba mu cika ganewa ba shi ne, yunwa ma dogari ce, sai dai ba ta sa jar riga. Mutumin da ya kwana biyu bai ci ba, iyalinsa suna jira, kuɗin mota ma ba shi da shi, in ka ce masa rabin abin da ka ba ɗan gari, zai ce to. Bakinsa ya yarda. Amma ainihin yarda ita ce ta wanda ya ke da ikon ya ce a'a ya tafi.

Labarin Yakubu ya nuna wannan ta fuska biyu, shi ya sa na ke so mu daɗe a kansa. Da fari Yakubu ne mai cin riba. Isuwa ya dawo daga jeji da yunwa, Yakubu ya sayi gādonsa na ɗan fari da kwanon miya (Farawa 25:29-34). Isuwa ya yarda, har ya rantse. Littafi ya zargi Isuwa saboda ya rena gādonsa, gaskiya ne, amma ba inda ya yabi cinikin Yakubu, gidan kuwa ya tsage shekara 20. Daga baya Yakubu ya zama baƙo. Ya isa Haran da sanda kaɗai, yana gudun ɗan'uwansa, ba shi da sadaki. Laban ya karɓe shi da daɗin baki, ya kira shi jininsa, ya ce masa ya faɗi ladansa. Yakubu da bakinsa ya ce shekara bakwai saboda Rahila. Ba yardan da ta fi wannan cika, tun da ma'aikacin ne ya yanka farashi. Amma dubi abin da ya biyo baya. Da aiki ya ƙare aka sāke kaya, aka ba shi Lai'atu, da ya yi magana Laban ya fake da al'adar gari, al'adar da bai ambata ba tun da fari. Baƙo ba ya iya gardama da al'adar garin da ba nasa ba. Sa'an nan aka yi ta sāke ladansa har sau goma. Dabbar da naman jeji ya kashe, Yakubu ne ya biya daga nasa, alhali daga baya Attaura ta ce makiyayi ba zai biya irin wannan ba in ya kawo shaida (Fitowa 22:13). Rana ta ƙone shi, sanyin dare ya hana shi barci, a ƙarshe kuma so aka yi a sallame shi hannu wofi. A kowane mataki Laban yana iya cewa, ai ya yarda, ai bai tafi ba. Amma Allah ya ce ya ga dukan abin da Laban ya ke yi (Farawa 31:12), ya kuma tsauta masa da dare.

Hanyoyin Laban ba su tsufa ba. An yi jinga a kan kunya kaza, da aka gama sai mai gona ya ce ba a yi da kyau ba, ya rage. An yi magana a kan buhu, sai aka kawo buhun da ya fi na jiya girma. An ce za a ciyar, da ranar biya ta zo sai aka cire kuɗin tuwo da na wurin kwana. Ko kuwa a ce, sai na sayar, alhali an san ba za a sayar ba sai kuɗin citta ya tashi, an kuma san baƙon ba zai iya jira ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi yawa, shi ya fi kama da mutunci, a ganina kuwa shi ya fi muni, gama mai gona yana cin bashi ne daga matalauci ba da izninsa ba, yana juya guminsa jari. Yaƙub ya yi magana a kan wannan sosai: ladan masu girbi da aka danne yana da murya, yana kuka, kukan kuwa ya kai kunnen Ubangiji (Yaƙub 5:4). Malakai ya jera mai danne ladan ma'aikaci da mai ture baƙo a layi ɗaya da masu sihiri da mazinata da masu rantsuwar ƙarya (Malakai 3:5). Ekklesiyoyinmu su kan sa mazinaci ƙarƙashin horo. Yana da kyau dattawa su tambayi kansu yaushe rabon da su kira wani a kan kuɗin ƙwadago.

Wani zai ce, ai akwai dokar ƙasa, a bar wa gwamnati. To, bari mu duba. A 2019 an yanka mafi ƙanƙantar albashi naira 30,000 a wata, a 2024 aka ɗaga shi zuwa naira 70,000. In an raba 70,000 ga ranakun aiki 26, ya kama wajen naira 2,700 a yini. Amma dokar da kanta ta keɓe waɗansu. Ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta shafi wanda a ke biya bisa ga yawan abin da ya yi ba, ba ta kuma shafi aikin da ke bin lokacin shekara, irin na gona. Watau mai tonon citta ya faɗa cikin ramukan nan duka uku. Ba shi da ƙungiyar ƙwadago, ba takarda, ba mai zuwa duba gonar. Mai gona shi ne mai ɗauka, shi ne mai awo, shi ne mai biya, shi ne alƙali a shari'ar da ta shafi aljihunsa. Ya kamata masu bi su goyi bayan duk mai ƙoƙari doka ta kai ga irin waɗannan ma'aikata, ko a majalisa ko a fada ko cikin ƙungiyoyin manoma. Amma kafin ran nan ta zo, abin da ke tsakanin baƙo da zalunci shi ne lamirin mai gona kaɗai.

Akwai masu kāre kansu da misalin ma'aikatan gonar inabi a Matta 20, domin a can mai gona ya tuna wa mai gunaguni cewa sun yi jinga. Misalin dai a kan alherin Mulkin Sama ya ke, ba jadawalin albashi ba ne, kada mu matsa shi fiye da kima. Duk da haka ya nuna irin mai gonar da Ubangijinmu ya ga ya isa a kwatanta Allah da shi. Abin da aka yi jinga a kai dinari guda ne, cikakken ladan yini na zamanin, wanda zai ciyad da gida. An biya da maraice, bisa ga Attaura. Waɗanda aka ɗauka da ƙarfe biyar na yamma su ne marasa ƙarfin ciniki, yini ya ƙare ba wanda ya ɗauke su, ko me aka ba su za su karɓa da godiya. Nan ne Laban zai yi riba. Mai gonan nan kuwa ya ba su dinari, domin cikin 'ya'yansu bai san ƙarfe nawa aka ɗauki ubansu ba. Ya ce yana da iko a kan dukiyarsa, amma ikon nan ya yi aiki da shi wajen ƙarawa. Ba ya zama hujja ga mai ragewa.

Ashe ma'aunin lada ba shi ne mafi ƙanƙantar abin da mayunwaci zai karɓa ba. Ma'auni biyu na ke gani a Littafi, dukansu kuwa kowane manomi yana iya aiki da su. Na fari, ladan yini ya ciyad da mutum da iyalinsa a yinin, har ya rage ɗan abin ajiya. Tun da ya ke darajar naira tana sākewa, gara a auna da mudu: ladan nan mudun masara nawa zai saya a kasuwar Kafanchan yau, bara kuma nawa ya saya? Na biyu, aiki ɗaya lada ɗaya, ko ɗan gari ko baƙo, ko Kirista ko Musulmi, ko namiji ko mace in buhun da suka cika ɗaya ne. Firistoci 19:34 ta ce a ɗauki baƙo kamar haifaffen gida. Biyan baƙo ƙasa da ɗan gari yana cutar ɗan garin ma, domin gobe shi za a ƙi ɗauka, daga nan ƙiyayya ta kan tsiro tsakanin matalauta biyu, wanda ya ci ribar kuwa yana gefe.

Kada mu yi kamar masu gona duka mawadata ne. Yawancinsu ƙananan manoma ne, waɗansu gwauraye, waɗansu da bashi suka sayi iri da taki. Ba su ke yanka kuɗin citta ba, dillalai ne da manyan 'yan kasuwa masu fitad da ita waje. A 2023 kuma cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, gonaki suka ruɓe tun ba a kai kaka ba, mutane da yawa suka rasa amfani da iri gaba ɗaya. Wanda abin ya same shi zai ce, gida bai ƙoshi ba, ina za a kai wa dawa? Kukansa gaskiya ne, ekklesiya kuma tana da nawaya a kansa. Amma ladan ƙwadago ba kyauta ba ne da a ke kai wa dawa bayan an ƙoshi. Kayan wani ne a hannunka. Da shekarar ta yi albarka, kuɗi ya ninka, da ba ka kira wanda ya yi maka huɗa ka ce ga rabonka na riba ba. Wanda riba za ta zama tasa, hasara ma tasa ce. Idan mutum yana so ma'aikaci ya ɗauki rabon hasara, sai ya faɗa tun kafin a sa fartanya a ƙasa, ya kuma yanka masa rabon riba a gaban shaidu. In ba ka da abin biya, rage gonar, ko ka koma ga gayya. In kuwa abin ya riga ya faru, je ka same shi ka faɗi gaskiya, ka biya abin da ka iya, ka sa ranar sauran a gaban mai unguwa. Wannan magana ta hau kan dillali da mai sito su ma, bisa ga masu dako da matan da ke tsaga da tsinta, har bisa ga manomin da bukata ta sa ya sayar da ɗanya da araha.

Sai maganar tsoro, wadda ta fi wuya. Ƙasan nan ta ga jini. Kafanchan ta ƙone a 1987, ta sāke ƙonewa a 2011, ƙauyuka da yawa sun binne mutanensu bayan harin dare. A watan Oktoba 2021 'yan bindiga sun shiga makarantar horad da limaman Katolika da ke Fayit, nan Fadan Kagoma, suka tafi da ɗalibai uku. Ba wanda zai ce wa mutanen da suka ga wannan kada su yi hankali da fuskar da ba su sani ba. Yin hankali daidai ne. A kai baƙo wurin mai unguwa, a rubuta sunansa da garinsa da wanda ya kawo shi, a san inda ya ke kwana. Wannan yana kiyaye gari, yana kuma kiyaye baƙon, domin wanda aka rubuta sunansa yana da shaida ran biya. Abin da ba daidai ba shi ne a ɗauki mutum ya yi aikin wata guda, ran biya kuma sai a tuna cewa fuskarsa abar zargi ce, a sa samari su kore shi. Wanda ka ke tsoro, kada ka ɗauke shi. Wanda ka ɗauka, biya shi. Fir'auna ma da tsoro ya fara, ya ce baƙin nan sun yi yawa, in yaƙi ya zo za su haɗa kai da abokan gāba (Fitowa 1:9-11). Amma bai sallame su ba, sai ya sa su gina masa birane a banza. Duk sa'ad da tsoronmu ya fara kawo mana riba, ya kamata mu tuhume shi.

Ma'aikaci ma yana da nasa nauyin. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin gaba ya gudu, ko ya bar rabin citta cikin ƙasa domin ya gama da sauri, ko ya cusa 'yar kaɗan cikin jakarsa, ya yi sata. Amma laifin wani baƙo na bara ba a cire shi daga ladan wani na bana.

A kan mata baƙi sai a duba Rut sura 2, Zumuntar Mata kuwa ta fi kowa sanin abin da a ke nufi. Rut Bamowabiya ce, gwauruwa, mai kala a gonar da ba ta san mai ita ba. Abin da Bo'aza ya fara yi shi ne ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta, ya ce ta sha daga tulun ma'aikata, ya kira ta ta ci tare da su. Ya san abin da kan sami mace marar kowa a gona, bai kuwa jira a kawo ƙara ba. Mai gona yana da alhakin abin da 'ya'yansa da yaransa su ke yi a gonarsa. Haka kuma wanda ya ɗauko yarinya daga ƙauye domin aikin gida da alkawarin makaranta. In shekara ta juyo ba ta ga ƙofar aji ba, kuɗinta kuma yana tafiya hannun wanda ya kawo ta, sunan abin ba taimako ba ne, ko da a ke kiranta 'yar gida.

Saura mai karatu wanda ya tuna da wani baƙo da ya tafi da bashinsa a wuyansa. Attaura ba ta bar shi cikin duhu ba. Firistoci 6:1-5 ta ce wanda ya ƙwace ko ya danne abin maƙwabcinsa ya mayar da shi cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mai shi, sa'an nan ya kawo hadayarsa. Mayarwa ce ta fara, hadaya ta biyo, haka kuma Ubangijinmu ya jera su a Matta 5:23-24. Wanda a ke binsa naira 20,000 zai mayar da 24,000. In shekaru sun wuce, a lissafta da mudun hatsin da kuɗin zai saya a lokacin, gama naira 20,000 ta 2020 ba ita ce ta yau ba. Neman mutum ya yi sauƙi yanzu. 'Yan cin rani su kan zo ƙungiya ƙungiya daga gari guda, a cikinsu akwai mai waya, a kan iya tura kuɗi har ƙauyensu. In ya rasu, a ba matarsa da 'ya'yansa. In an yi nema da gaske ba a sami kowa nasa ba, Littafin Lissafi 5:8 ya ce abin ya koma ga Ubangiji ta hannun firist. A wurinmu sai a danƙa wa dattawa, su ajiye shi dabam domin baƙon da ya yi ciwo ko ya rasa kuɗin komawa gida, a kuma rubuta shi cikin littafin ekklesiya da sunansa na gaskiya, watau biyan bashi, kada a karanta shi ran Lahadi cikin jerin masu baikon godiya.